Tsargiyar da Muka Kai Masar

Mutumin farko da ya yi mana Hausa a ƙasar Masar shi ne ya fara cutar mu. Sunansa Nura, ko kuma haka ya ce mana. Ya tare mu a filin jirgin Alƙahira cikin wata shuɗiyar rigar sanyi, yana washe baki kamar ya ga 'yan ɗakinsu. Ni da yayana Sale ne. A lokacin Yaya Sale ba ya iya doguwar tsayuwa, ƙafafunsa sun kumbura har takalmin da ya hau jirgi da shi a Kano ya ƙi shiga, sai riƙe shi ya yi a hannu. Nura ya karɓi takalmin, ya karɓi jakarmu, ya ce, "Alhaji, ai kun zo gida." Yaya Sale bai taɓa zuwa Makka ba, amma Alhajin nan ya yi masa daɗi, ya waiwayo ya kashe mini ido.

Mu manoman rani ne daga wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda kanal ya ratsa ta bayan gidajenmu. A cikinsa muka koyi iyo, da shi muke ban ruwa, a bakinsa mata ke wanki. Yaya Sale shi ne manomin gidanmu na gaske, shinkafa da albasa da tumatir, tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da kowa. Ni kuwa na ɗan taɓa karatu, ina koyarwa a Islamiyyar garinmu, shi ya sa yake kirana Ustaz in yana son tsokana, shi ya sa kuma dangi suka ce ni zan raka shi, tunda wai ina jin Larabci.

Ciwon nasa ya daɗe. Zazzaɓi ne ke zuwa ya tafi, ya sake dawowa. A kemis a ce taifot da maleriya, a yi allurai, a yi ƙarin ruwa, ya miƙe ya koma gona, kafin a cire albasa ya sake kwantawa. Daga baya bayansa ya riƙe, fitsari ya zama wahala, aka ce sanyi ne, ya sha magungunan sanyi har ya ƙosa. Da ƙafafu suka fara hawa muka shiga Kano, aka ce ƙodarsa ta gaji, amma abin da ya gajiyar da ita babu wanda ya faɗa mana. Aka jinginar da babbar gonarsa, aka bar ƙaramar domin matarsa Asabe da yara. Innarmu ba ta yi mini dogon jawabi ba, cewa kawai ta yi in dawo mata da shi, ko a kwance ne.

Nura ya sauke mu a wani ɗaki can ƙololuwar bene, babu na'urar hawa. Duk fita asibiti sai na goya Yaya Sale a sauka, na goya shi a hawa, yana bayana yana cewa ashe bashin goyon da ya yi mini ina ƙarami ne nake biya. Asibitin da Nura ya kai mu kuwa, in ka ga ƙyallinsa sai ka ji kunyar taka shi da silifas. Likitan matashi ne mai fara'a, idonsa rabi a kanmu rabi a kan kwamfuta. Ta bakin Nura ya tambaya ko Yaya Sale ya taɓa yin wani ciwo tun yana yaro. Yaya ya ce ƙyanda kawai, sai kunama da ta taɓa harbinsa a rumbu. Aka juyo gare ni, na ce haka ne. Kuma wallahi ba ƙarya muka yi ba, iyakar abin da muka ɗauka ciwo ke nan.

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka sake ɗiban jini. Aka ce ƙwayar cuta ce a ƙoda, aka jona masa magani ta jijiya. Zazzaɓin ya sauka muka yi murna, har na buga wa Inna waya na ce an gano. Bai jima ba ya dawo, aka canza magani, ya sauka, ya kuma dawowa. Daga nan aka fara yi masa wankin ƙoda. Ranar farko da aka haɗa shi da injin na kasa kallo, shi kuwa ya bi tiyon da ido ya ce mini, "Ustaz, ai injin ban ruwa ne. Ga na shiga, ga na fita. Yau ni ne gonar."

Haka makonni suka yi ta shuɗewa, kullum Nura na cewa saura gwaji ɗaya. Ni dai baƙo ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Larabcin da dangi suka dogara da shi ma bai tsinana mini komai ba. Na littafi ne, su kuma mutanen gari wani iri suke yi mai gudu, kamar ana koro su. Ranar da na yi wa wani direban tasi bayanin inda za mu, da i'irabina da komai, sai ya saurara har na gama, ya ɗaga hannu ya ce "Sadaƙallahul azim." Yaya Sale ya yi dariya har ya riƙe ciki, ni kuwa raina ya ɓaci, don dama ni ba na ɗaukar raini.

Abinci ya gundure mu. Gurasa da wake da safe, gurasa da wake da yamma. Yaya Sale ya daina ci sai lallashi. In na sayo tumatir sai ya juya shi a hannu ya ce wannan an cika masa taki, ba zai kai kwana biyu a kwando ba. In an yi waya da gida, ba lafiyar kowa yake fara tambaya ba, sai ko an sako ruwa a kanal, ko an gyara kunyar gonar da ta fashe ta wajen gabas. Ni kewar gida ba ta taɓa kama ni irin haka ba. Ina tsaye a taga ina kallon benaye iyakar ganina, babu ko tsiron ciyawa, sai in ji kamar in kurma ihu.

A hankali kunnena ya fara kama Larabcin gari, Nura bai sani ba. Wata rana da hantsi, muna jiran a kira mu, na ji shi yana hira da mutumin da ke karɓar kuɗi a asibitin. Mutumin ya tambaye shi ko waɗannan ba su ƙare ba tukuna. Nura ya ce manoma ne, akwai sauran gona ɗaya a gida, in an matsa za su sayar. Suka yi dariya. Gonar Asabe da yara yake nufi, wadda Yaya Sale da bakinsa ya ba shi labarinta a hira, yana ganin ya sami ɗan'uwa.

Ban san lokacin da na shaƙe masa wuyan riga ba. Abin da na faɗa masa a ranar bai dace da malamin Islamiyya ba, kuma har yau ban yi nadama ba. Masu gadi suka raba mu. Nura ya gyara rigarsa, ya ce tunda na iya Larabci sai in ci gaba, ya fice. Kashegari mai benen ya hau ya ce ɗakin da sunan Nura yake, mu tattara. Na goya Yaya Sale na sauko da shi, na koma na kwaso kaya, muka zauna a ƙofar wani masallaci kamar masu jiran sadaka. Game da faɗan kuwa, Yaya Sale cewa kawai ya yi da na bari an gama wankin ranar tukuna.

A nan Allah ya haɗa mu da Hajiya Amina. Wata dattijuwa ce mai sayar da shayi a gefen masallacin, baƙa kamar mu. Ta ji muna magana, ta matso ta ce, "Ku mutanen ina?" da wata irin Hausa ta tsofaffi wadda rabona da jin irinta tun kakarmu. Kakanninta ne suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa za su aikin Hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Yaƙi ne ya koro ta Masar. Ba ta taɓa ganin Kano ba, amma ta ce mu 'yan'uwanta ne. Ta ba mu ɗan ɗakin da take ajiye gawayi da kujeru, a ƙasa, babu goyo. Da yamma ta kawo mana tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa. Yaya Sale ya kai loma ɗaya, ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kwanon. Ya cinye tas, rabonsa da haka tun Kano.

Ita ce ta ce mana akwai wani asibitin gwamnati a wani gari can arewa, wajen da kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya shiga teku. A can aka yi jinyar mijinta kafin ya rasu. Ta ce ba ta san ko za su iya ba, amma dai ba za su tambaye mu gona ba. Ta raka mu tashar jirgin ƙasa, ta ɗaure mana dabino a gefen gyale, ta yage gefen ta ba mu. Na manta ban karɓi lambarta ba, ban kuma sake ganinta ba.

Sanyi ya riga ya wuce a lokacin, zafi ya shigo. Jirgin ya fita daga cikin benaye, sai ƙasa ta buɗe. Yaya Sale da ke jingine a kafaɗata kamar ba rai ya ɗago kai, ya manna goshi a gilashi. Kanal ne ke bin hanyar jirgin, ƙanana na ɓallewa daga jikinsa suna shiga gonaki. Ga injinan ban ruwa suna tuttuɗowa, ga balbelu, ga maza sun naɗe wando suna tsaye cikin ruwa har gwiwa suna dashen shinkafa. Ya ce, "Habu, ai Kadawa ce wannan, ta wajenmu. Ashe zagaye muka yi muka dawo gida." Duk tsawon tafiyar bai sake kwantawa ba, yana ta nuna mini wanda ya iya aiki da wanda ke ɓata iri.

Asibitin tsoho ne, fentinsa duk ya ɓare, mutane cike da baranda, yawancinsu manoma da manyan riguna da faskararrun ƙafafu irin namu. Mun yini a layi kafin mu shiga. Likitan dattijo ne mai furfura, kuma da na fara Larabcina na littafi bai yi dariya ba, ya amsa mini da irinsa, a hankali. Na tura masa tulin takardun da muka tara tun daga Kano, ya ture su gefe ya ce sai an jima. Ya kama hannun Yaya Sale ya juya, ya duba tafin ƙafarsa, ya tambayi sana'arsa. Na ce noma. Ya ce da ruwan sama ko da na kanal. Na ce da duka biyun, amma kanal ne rayuwarmu. Ya tambaya ko muna wanka a ciki muna yara, na ce a ciki muka girma.

Sai ya ce, "Tambaye shi, da yana yaro, ya taɓa ganin jini a ƙarshen fitsarinsa?"

Na ji nauyin maganar, don yayana ne, amma na fassara. Yaya Sale ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa baƙon da ya yi tambayar yara. Ya ce, "Gaya masa wannan ai tsargiya ce, ba ciwo ba ce. Wane namiji ne bai yi ba?"

Gaskiyarsa, haka muka taso. A garinmu yaron da bai fara jan fitsari ba tsokanarsa ake yi, a ce har yanzu bai zama namiji ba. Mukan jera a bayan katangar makaranta muna gwada na wa ya fi ja. Manya su ce zafin rana ne, wasu su ce shan rake ne, wasu su ce alamar balaga ce, in an girma za ta tafi da kanta. Kuma takan tafi ɗin, ko dai ta daina nuna kanta. Ko a gaban likitan Kano, ko a gaban na Alƙahira, ba ta taɓa faɗo mana a rai ba. Wa zai je asibiti ya ce ya taɓa yin kaciya, ko haƙoransa na yarinta sun taɓa zubewa?

Na mayar wa likitan da amsar yadda take. Ya cire tabarau ya ajiye, ya daɗe yana murza ido. Ya ce mahaifinsa manomi ne a wani ƙauye kusa da nan, kuma abin da Yaya Sale ya faɗa, haka mutanen ƙauyensu ke faɗa a da, kalma da kalma. Ya ce ita ta kashe mahaifin nasa. An yaƙe ta a ƙasarsu shekara da shekaru har ta ja baya, shi ya sa likitocin yanzu na birni ba kowa ke kawo ta a rai ba, balle in majiyyaci ya ce bai taɓa ciwo ba.

Ya ɗauki takarda ya zana mana. Akwai wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke manne a jikin kanal da ciyawar bakin ruwa. Daga jikinta wata tsutsa ke fita wadda ido ba ya gani, ta huda fatar mutum yana tsaye a ruwa, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai. Ƙwan ne ke yanka mafitsara jini ya fito. Jinin yana iya tsayawa, ɓarnar ba ta tsayawa. Wajen ya yi ta tabo a kan tabo har hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda su tsuke, ruwa ya koma baya, ƙoda ta kumbura ta mutu. Ya ce har zazzaɓin nan mai tafiya da dawowa yana zargin da hannunta, domin ƙwayar taifot takan laɓe a jikin tsutsar, a sha magani ta yi lamo, a gama ta fito. Da na fassara, Yaya Sale ya gyaɗa kai ya ce ya gane, in bakin kwalbati ya toshe ai gonar sama ce ke nutsewa.

Likitan ya ce a dawo gobe da tsakar rana, don a lokacin ne ƙwan ya fi fita, kuma ƙarshen fitsarin ake so. Ya miƙo kwalba, sai na ga biyu ce. Na ce ni ai lafiyata ƙalau, rakiya na yo. Ya ce ba a kanal ɗaya muka yi wanka ba? Kashegari ya sa na hau benen asibitin na sauko har sai da na yi gumi, sannan na ba da nawa. Ya kira ni ɗakin gwaji, ya ce in sa ido a madubin. Na ga ƙwan kuwa, kamar ƙwayar shinkafa mai ƙaya a gindi, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ya ce wannan nawa ne. Abin da ya ci Doma dama ba ya barin Awe.

Na Yaya Sale bai tsaya a kwalba ba. Sai da aka zura masa na'ura mai ido har cikin mafitsara, aka gutsuro wani abu aka kai gwaji, muka yi ta jira ana ci gaba da wankin ƙoda. Ranar da sakamako ya fito likitan ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi magana mai tsawo, ni kuwa na kasa fassarawa. Yaya Sale ya taɓa ni ya ce, "Ustaz, fassara mini duka. Kada ka ci rabi irin na Nura."

Na faɗa masa. Tsohon tabon ya rikiɗe ya zama ciwon daji, kuma ya riga ya fita daga mafitsara ya kama wasu wuraren. Aiki ba zai yiwu ba, jikinsa ba zai ɗauka ba. Ya ce Allah mai iko, ya tambaya ko tsargiyar ita kanta tana da magani. Likitan ya jawo aljihun teburinsa ya fito da wasu fararen ƙwayoyi dogaye. Na san su. Irinsu ne ake kawowa firamaren garinmu a 'yan shekarun nan, ana auna tsayin yara da sanda ana ba su. Mu manya muna wucewa a kan babur muna cewa maganin tsutsar ciki ne na yara, wasu iyayen ma hana 'ya'yansu suke yi wai yana sa jiri.

"Maganin tsutsar ke nan," in ji likitan. "Zan ba ku ku duka biyun. Kai zai warkar da kai. Shi kuwa zai kashe tsutsar, amma ba ita ce a kansa yanzu ba, ɓarnar da ta bari ce. Da yana saurayi aka ba shi, ana maimaitawa, da ban taɓa ganinku ba."

Aka ɗora ni a sikeli, aka ƙirgo nawa, aka ce in ci gurasa tukuna. Na haɗiye su a barandar asibitin, suna da ɗaci. Na yi jiri na yini guda, cikina ya ɗan murɗa, shi ke nan. Abin da ya cinye gona, ya raba mu da gida, ya kwantar da ƙato kamar Yaya Sale, maganinsa bai cika tafin hannuna ba, kuma kyauta ake raba shi a bayan gidanmu. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ga shi babu wanda zan shaƙe wa wuyan riga. Har na ji haushin kaina da zan warke.

Na shiga fafutukar mayar da shi gida, don alƙawarin Inna. Likitan ya ce a yadda yake kamfanin jirgi ba zai ɗauke shi ba, a bari ya ɗan yi ƙarfi. Ƙarfin bai zo ba. Ni ma ya ja mini kunne, ya ce maganin ba ya hana ta dawowa, in na koma kada in sake shiga ruwan kanal sai da takalmin roba mai tsawo. Na ce masa taɓon shinkafa ba ya barin takalmi a ƙafa, kuma hannun da ke dashe fa, me za a sa masa? Ya ce ya sani, haka mahaifinsa ma ya ce.

Wata Juma'a da la'asar Yaya Sale ya ce in fitar da shi ya ga gona. Na roƙi ma'aikatan ɗakin da aka kwantar da shi, na ɗauko shi, a lokacin bai fi nauyin buhun taki ba. Muka hau irin adaidaita-sahunsu zuwa bayan gari, na zaunar da shi a bakin wani ƙaramin kanal. Manoman da ke wajen suka taso, suka kawo shayi da kokwamba. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, amma sai ga shi yana nuna musu da hannu cewa sun cika matse dashe, su kuma suna musu suna dariya. Can ya ce in tura masa ƙafafunsa cikin ruwan. Na ce Yaya, ka ji dai abin da likita ya ce. Ya ce, "Me kuma ya rage zai yi mini?" Na tura masa.

Ya daɗe yana motsa yatsunsa a ciki. Sannan ya ce ya sa Asabe ta ba da irin shinkafa an zuba, yanzu ya kusa isa cira. Ya ce, "Gonar nan ita kaɗai ta rage wa yaran. Kada ka bar ta ta kwana. Kuma ka dasa da hannunka, 'yan ƙwadago ba sa danna saiwa." Na ce tare za mu dasa. Ya ce in bar wannan zancen, ni malami ne, ƙarya ba ta yi mini kyau.

Bai kai wata Juma'ar ba. Da hantsi ya rasu, ina riƙe da kansa. Kawo gawa gida ya fi ƙarfinmu, kuma ba na son a yi ta ajiye shi a ƙanƙara. Manoman nan na bakin kanal, da labari ya kai musu ta wajen mai adaidaitar, su suka zo suka ɗauke shi, suka yi masa salla, suka ba shi wuri a maƙabartar ƙauyensu. Ko sunansa ba su iya faɗa daidai ba. Da na buga wa Inna waya ta yi salati, sannan ta tambaya a ina aka sa shi. Na ce a gefen gonakin shinkafa, ana jin ƙarar injin ban ruwa daga wajen. Ta ce, "To, ba zai yi baƙunta ba." Ba ta ambaci alƙawarin ba, har yau kuma ba ta ambata ba, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na dawo da jakarsa da takalmin nan da bai sake shiga ƙafarsa ba. Da aka share makoki na tashi a masallaci bayan sallar Azahar na faɗi abin da na gani, har katantanwar na kwatanta musu. Aka saurare ni, aka ce Allah ya jiƙan Sale. Wani dattijo ya ce shi ma ya yi tsargiya, ubansa ma ya yi, ga shi har ya ga jikoki, kwana ne dai in ya ƙare ya ƙare. Wani ya ce to in an bar ruwan a ci me? Na dai kai yaran Yaya Sale da nawa asibitin Kura aka ba su ƙwayoyin, na dawo na tarar da sa'o'insu suna tsalle daga kan gada suna faɗawa kanal.

Irin kuwa ya riga ya wuce lokacin cira, ya fara ja. Asabe tana takaba, sai dai kullum in na shiga gaishe ta takan tambaya ko an sako ruwa. Na je kasuwar Kura na sayo takalmin roba mai kaiwa gwiwa, mai shagon na tsokanata wai ko aikin kwalta na samu. Da sassafe na isa gonar. An sako ruwa, ya kwanta lif a kan taɓo. A jikin simintin ƙaramin kanal ɗin na gan su manne, katantanwar nan, 'yan ƙanana, baƙi-baƙi, inda suke tun ina yaro ban taɓa kula ba.

Na ɗauki damin iri na taka. Taku na farko taɓo ya riƙe takalmin dama, na ja, ƙafata ta fito ta bar shi a ciki. Na tsaya da ƙafa ɗaya kamar balbela, ina duban gonar daga wannan kunya zuwa waccan, babu ko layi ɗaya da aka dasa, rana kuma tana tasowa. Na zaro takalmin, na cire ɗayan, na jera su a kan kunya. Na naɗe wandona, na yi bismilla, na shiga. Ruwan da ɗumi, yadda na san shi.